Tarwadata na mutuwa, ga tafiya ta taso: wa zan bar wa tankin?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Zariya. Wata uku da suka wuce na sayi 'ya'yan tarwada guda 300 na zuba a tankin roba mai cin lita 1,000 a bayan ɗakin girki, don mu riƙa samun na miya, in ta yi kyau a sayar da saura. Da farko lafiya lau. Tunda sanyi ya shigo kullum sai na tsamo biyu ko uku a mace, ruwan yana wari har maigida ya fara magana. Na dafa guda biyu farfesu, sai ƙarni da ɗanɗanon taɓo, yara suka ƙi ci. Na karanta a intanet, wani ya ce a ƙara abinci, wani ya ce a zuba magani. Ga shi kuma zan tafi Sakkwato bikin ƙanwata na kwana goma, ƙanin maigida kawai zan bari a gida. Yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri a bikin. Tambayoyi uku kika yi, amma duk tushensu ɗaya: kifin ya fi ƙarfin ruwan da yake ciki. Mutuwar, warin da ɗanɗanon taɓon, duk daga nan suka fito.

Bari mu yi lissafi tare. Tarwadar da ta yi wata uku tana cin abinci mai kyau takan kai gram 250 zuwa 300. A ce waɗanda suka rage miki sun kai 270, kin ga kina da kifi kusan kilo 75 ko 80 ke nan a tankin da ba a cika shi har baki. Kifi mai wannan girman yakan ci kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato wajen kilo biyu na abinci. To kowane kilo ɗaya na abincin nan mai yawan furotin, idan kifi ya ci, yana fitar da sinadarin amoniya kusan gram 30, mafi yawa ta matsefin da ke gefen kansa, wato gaɓar da yake numfashi da ita a ruwa, sauran ta kashi da ragowar abincin da ya ruɓe a ƙasa. Gram 60 ke nan kullum cikin ruwan da ba ya gudu. A kogi ruwa yana tafiya da shi, a kududdufin ƙasa laka da tsirrai suna shanye wani abu. A tankin roba babu inda zai je. Warin da maigida ke ji, shi kifin ke shaƙa dare da rana.

Abin da ke ruɗin masu fara kiwo shi ne juriyar tarwada. Allah ya yi mata wata gaɓa mai rassa kamar ƙaramar bishiya a saman matsefinta, wadda ke ba ta damar leƙowa ta shaƙi iska kai tsaye. Shi ya sa za ki gan ta a kasuwa a cikin baho da ɗan ruwa kaɗan tana motsi har yamma. Da karfasa kika zuba haka, da tuni an gama zance. Amma shaƙar iska ba ta hana amoniya ƙona mata matsefi da fata. Sai ta daɗe tana shan wahala ba a sani ba, a ƙarshe ta fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Gobe da safe, ki tsaya shiru a bakin tankin na minti biyar. In kin ga wasu sun tsaya a tsaye cikin ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ba sa gudu ko kin kai hannu, ko gashin bakinsu ya yi fari ya guntule, ko akwai jan miki a ciki da gindin ƙaya, to ruwan ne.

Sai hunturu ya zo ya ƙara. Tarwada ta fi jin daɗi idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30. A Zariya kuwa, daren Disamba da Janairu sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, tankin roba kuma ba shi da kauri, duk yadda iska ta yi haka ruwan zai bi. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa. Ruwa na yin sanyi cikinsa ke rage aiki, cin abinci ya ragu sosai. Ke kuma kina nan kina zuba mudun da kika saba tun watan Oktoba, da sassafe ma wataƙila, lokacin da ruwan ya fi sanyi. Rabin abincin nan ba cikin kifi yake shiga ba. Jiƙewa yake yi ya nutse ya ruɓe. Wanda ya ce miki ki ƙara abinci bai ga tankinki ba.

Ga abin da za ki yi tun yau. Ki dakatar da abinci gaba ɗaya na kwana biyu. Ba abin da zai same su. Ki zubar da rabin ruwan ta ƙasa, inda dattin ya kwanta, ki zuba sabo, ki maimaita kullum. Kada ki kwashe ruwan duka lokaci ɗaya ki maye da na sanyi ƙarara, wannan girgizar kaɗai tana kashe kifi mai rauni. Mafi kyau a yi canjin da hantsi ko da azahar. In ruwan famfo ne na gwamnati, a tara shi a buɗaɗɗen durom ya kwana, sinadarin kulorin ɗin da ke ciki ya fice. In na burtsatse ne ko rijiya, a bar shi ya riƙa zubowa daga sama yana fantsama, don ruwan ƙarƙashin ƙasa iskarsa kaɗan ce. Bayan canjin ki narkar da gishirin girki kilo ɗaya zuwa biyu a bokiti ki zuba a tankin, yana sauƙaƙa wa kifi wahala, yana taimakon warkewar gyambo. Da dare a rufe kashi biyu cikin uku na bakin tankin da leda ko tabarma don ɗumi, a bar sarari su samu iska.

Maganar kafso da ake ɓarewa a zuba a ruwa, ban ba ki shawara ba. Magani ba ya wanke ruwa, sannan kifin nan 'ya'yanki ne za su ci shi. In an gyara ruwa mako guda mutuwa ba ta tsaya ba, a ɗauki mara lafiya guda da ransa a kai wa likitan dabbobi. Kina Zariya, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da ke.

Idan za ki dawo da abincin, ki bari sai rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 11, ki riƙa watsa kaɗan-kaɗan kina kallo. Muddin suna rububi ruwa na tashi, ci gaba. Da zarar kin ga ƙwayoyi sun fara yawo a sama ba mai kula su, ki rufe buhu. Kifin ne zai gaya miki mudunsa.

Amma duk wannan rage zafi ne. Tanki irin naki, ba injin iska, ba ruwa mai gudu, ni ba na son ya wuce kifi 70 zuwa 100 in ana so su kai kilo guda-guda. Dole a rage. Kuma a nan ne ɗakin girkinki zai yi miki aiki, domin tarwada mai gram 300 zuwa 400 ita ce daidai girman banda, irin wadda ake lanƙwasawa a soke wutsiya da ƙaya. Kafin ki tafi, ki fitar da aƙalla rabi. Masu lafiya nake nufi; wanda ya mutu da kansa a ruwa a binne shi.

Sai dai kada ki ɗauko daga wannan ruwan ki kai tukunya kai tsaye, abin da ya ɓata miki farfesu ke nan. Ɗanɗanon taɓo yana fitowa ne daga wani sinadari da ake kira jiyosmin, wanda wasu ƙananan halittu da gansakuka ke fitarwa a tsohon ruwa. Shi ne ƙamshin da ƙasa ke yi in ruwan farko ya sauka, mai daɗi a hanci, mara daɗi a miya. Yana shiga ta matsefi ya zauna a kitsen kifi, kuma citta da tafarnuwa ba sa fitar da shi, sai dai su ɗan rufe. Maganinsa a ware waɗanda za a ci a baho ko durom mai tsabtataccen ruwa, ba abinci, ana canja ruwan kullum, kwana uku zuwa biyar. Cikinsu zai wanke, warin ya ragu ƙwarai. Ki rufe bahon da abu mai nauyi, tarwada gwanar tsalle ce, kuma in ta faɗo tana iya jan ciki har ƙarƙashin murhu.

Ƙarni kuma daga yauƙin fata yake da jinin da ke manne a ƙashin baya. Bayan an yanka, a zuba ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, na ɗan lokaci kaɗan, za ki ga yauƙin ya yi fari ya dunƙule, sai a kankare da wuƙa, a murje da gishiri da lemun tsami. A cire matsefi da wannan jar gaɓar mai rassa, a cire kitsen ciki mai ruwan ɗorawa, a bi ƙashin baya da ɗan yatsa a wanke baƙin jinin. Ki kula da ƙayoyin gefe biyu, sukarsu tana da raɗaɗi, gara a datse su tun farko. Wajen dahuwa kuma, a fara haɗa ruwan da albasa, attaruhu, citta, masoro, kimba da ɗan kanumfari ya tafasa ya haɗe jikinsa, sannan a jera kifin a rage wuta. Minti 15 zuwa 20 ya isa. Ludayi ba ya shiga, girgiza tukunyar ake yi, in ba haka ba a tashi da faten kifi. Ɗaɗɗoya a ƙarshe.

Bandar ba ta buƙatar wani gini. Rabin durom da ragar waya a sama, garwashi da ɗan icce mai hayaƙi a ƙasa, wuta a hankali ana juyawa, yau a yi sa'o'i, gobe a sake maimaitawa har ya bushe ya yi ƙwaram. Ta fi firiza kwanciyar hankali ga mai tafiyar kwana goma a garin da wuta ke zuwa ta tafi. Ga tsarabar Sakkwato ma ta samu.

Yanzu maganar ƙanin maigida. Zan faɗa miki abin da ya taɓa faruwa da ni. Shekarun baya na yi tafiyar mako guda na bar wa wani yaron gidanmu tankuna biyu da buhun abinci a buɗe. Yaro ne mai tausayi. Duk sanda ya wuce ya ga sun taso suna buɗe baki, sai ya ce yunwa suke ji, ya ƙara gwangwani. Iska suke shaƙa, shi bai sani ba. Na dawo tun daga zaure na ji wari, tanki ɗaya ya tafi gaba ɗaya, buhun da zai yi mako uku saura kaɗan. Tun daga ranar ban sake barin buhu a hannun kowa ba.

Tarwadar da ta kai gram 250 tana iya yin mako guda, har kwana goma, ba ta ci komai ba, musamman a sanyi. Iyaka ta ɗan rame. Abin tsoro ɗaya shi ne in yunwa ta yi yawa manya kan far wa ƙanana, domin tarwada tana cin 'yar'uwarta. Don haka lokacin rage su, ki fitar da waɗanda suka fi girma sosai da waɗanda suka tsumbure, a bar masu kai ɗaya. Sannan ki auna rabin abin da kika ga suna cinyewa a rana, ki ƙulla irin wannan awon a kowace leda har guda biyar, ki rubuta rana a jikin kowace, leda ɗaya duk bayan kwana biyu. Buhun ki kulle shi a ɗaki ki tafi da makulli. Ba rashin yarda ba ne.

Babban aikinsa ruwa ne. Ki ɗauki fenti ko maka ki ja layi biyu a jikin tankin: ya buɗe ƙasa har ruwa ya sauko layin ƙasa, ya rufe, ya cika zuwa layin sama. Ki sa shi ya yi sau biyu a gabanki kafin ranar tafiya, musamman rufewar, domin famfon ƙasa da aka manta a buɗe ya fi kowace cuta saurin gama tanki. Ki bar masa duroma a cike ko da ruwa zai yanke. A ɗaure raga a bakin tankin saboda mage da tsalle, uwa-uba saboda ƙananan yara in akwai masu shigowa gidan. Duk wanda ya mutu ya cire shi nan take. Kullum da safe ya ɗauko miki bidiyon minti ɗaya ya turo ta WhatsApp. Daga launin ruwan da yadda suke motsi za ki gane halin da ake ciki ko kina tsakiyar kamu. Ruwan da ake zubarwa kuma kada ya tafi kwata ya dami maƙwabta, a ja shi gindin zogale ko ayaba ko ɗan fegin alayyahu, taki ne mai kyau.

Kan karatun da kike yi a intanet, ki riƙa duba wane kifi ake magana a kai kuma a ina. Da yawa daga abin da ke fitowa na masu kifin ado ne a akwatin gilashi a Turai da Amurka, masu injin tace ruwa da na ɗumama shi, wani kuma na manyan gonaki ne masu ruwa mai gudu dare da rana, inda ake iya cusa ɗaruruwa a lita dubu. In wani ne ya ce miki ki zuba 300, wataƙila irin wannan ya gani. In kina son abin da ya dace da ƙasarmu, ki nemi ƙananan littattafan wayar da kai na NAERLS, cibiyar faɗakar da manoma da ke nan Samaru, da na cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa a Jihar Neja. Ki kuma sayi ɗan littafin rubutu ki rataye kusa da tankin: kwanan wata, abincin da aka ba su, ruwan da aka canja, nawa suka mutu, da nauyin guda biyar da za ki riƙa aunawa duk mako biyu. In za ki sake zubi, ki bari sai sanyi ya wuce, wajen watan Maris, ki fara da 100, ki rubuto mini da abin da littafin ya nuna.