Tambaya da Amsa: An Ba Ni Oba-oba, Sai Na Nemi Lasisi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni mai koyon gyaran kayan lantarki ne, muna zaune a Shara Mansur, Makka. Abokina ya ba ni ƙaramar oba-oba da ya saya ta intanet, ya ce da irinta ake hira da mutanen ƙasashen waje. Da kawuna ya gani sai ya ce in ajiye, sai da lasisi. Ya ƙara da cewa lasisin ma ya zube tunda aka daina jarraba mutane da bugun tangaraho, kuma WhatsApp ya riga ya kashe harkar. In ci gaba ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar kawunka ta farko gaskiya ce, kuma ita ta fi gaggawa: kada ka danna maɓallin magana na na'urar nan. Iska ma kamar gona take, kowa da iyakarsa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, da ke Janiba, ita ke raba zangunan, kowace ƙasa kuma ta tsare nata. A nan Saudiyya hukumar sadarwa ta ƙasa, CST, ce ke ba da izini tare da lambar kira. Lambobin Saudiyya suna farawa da HZ ko 7Z ko 8Z, na Sudan da ST, na Najeriya da 5N, na Nijar da 5U. Da yawa daga ƙananan oba-oban nan masu araha suna iya tsallake zangon 'yan sha'awa, wato masu hira ta rediyo don sha'awa ba don kasuwanci ba, su faɗa na ma'aikatan agaji da tsaro. Ka duba yadda Makka ke cika lokacin aikin Hajji, ka ƙaddara muryarka ta danne ta mai kiran motar asibiti. Ga mai zama da igama kuwa, wannan rigima ce da ba ta tsayawa a kanka kai kaɗai, har gida take shiga.

Abokinka kuma bai fahimci na'urar ba. Irinta tana aiki ne a zangon mita 2 da santimita 70, inda sauti ke tafiya kusan miƙe kamar haske, gini ko dutse ya tare shi. Hira da nesa aikin gajeren zango ne, wanda ke buga sararin sama ya dawo ƙasa, irin wanda iyayenmu suka riƙa kamo sashen Hausa na BBC da shi tun 1957.

A kan bugun tangaraho ne muka rabu da kawunka, duk da na san inda ke masa ciwo. A da, dokar duniya ta ce duk mai son aiki a gajeren zango sai ya nuna ya iya aikawa da karɓar saƙo da bugun Mos, wato bugun tangarahon nan na ɗigo da ja. A taron ITU na 2003 aka cire wannan tilas, aka bar wa kowace ƙasa zaɓi. Amurka ta soke nata a Fabrairun 2007. A can yanzu matakin farko tambayoyi 35 ne, ka ci 26 ka wuce. Ingila ma ta buɗe ƙaramin mataki na masu farawa tun 2002. Dattawan da suka kwana suna haddar ɗigo da ja sun ji kamar an raba gado da wanda bai yi jinya ba.

Ni na koyi Mos a Kano kafin in dawo Jidda, kuma har gobe ina son sa, don yana ratsawa a inda murya ta gaza. Amma ga abin da ya same ni. Makon da na fara ɗaura wayar eriya a kan soro, hannuna ya iya bugu sarai, sai ga maƙwabcina da dare yana sallama: duk sanda na danna, hoton talabijin ɗinsa sai ya wargaje. Ban san yadda ake tace sautin da ke zubowa gefe ba. Wani dattijo mai lasisi ne ya zo da abin awonsa, ya zauna da ni yini guda, ya gyara eriyar, ya sa na je na ba mutumin haƙuri. Tun ranar na gane abin da ya kamata jarrabawa ta matsa a kai: sanin iyakar zangonka, kauce wa damun wasu, da kare kai daga wuta da tsawa. A nan ban yarda a sassauta ko kaɗan ba. Sauran ilimin kuwa a bar ƙofa a buɗe, yaro ya shigo ya koya a hannun manya. Abin da ke ba ni tsoro shi ne irin dattijon nan suna ƙarewa, kuma waɗanda suka rage wasunsu sun fi son ƙorafi da koyarwa.

Batun mutuwar harkar, ka gaya wa kawu ya ɗaga kai sama. Tauraron ɗan'adam SO-50, wanda aka ƙera a cibiyar kimiyya ta Sarki Abdul'aziz a Riyad aka harba a Disambar 2002, an yi shi ne don 'yan sha'awa, kuma da ƙaramar na'urar hannu da eriya mai kyau ake magana ta cikinsa in ya gifta. Ƙatar ta harba tauraron Es'hail-2 a 2018 ɗauke da na'urar 'yan sha'awa mai suna QO-100, yana tsaye wuri ɗaya yana haɗa tun daga Barazil har Tailan, Kano da Jidda duk a ƙarƙashinsa. A Mayun 2023 Rayyana Barnawi da Ali Alƙarni sun yi magana da ɗaliban Saudiyya ta wannan rediyon daga tashar sararin samaniya. Akwai kuma FT8, tsarin da Joe Taylor, mai lambar Nobel ta 1993, suka fito da shi da abokin aikinsa a 2017, inda kwamfuta ke tsinto saƙon da kunne ba ya ji. WhatsApp kuwa da hasumiyar kamfani ya dogara. Duk mai dangi a Sudan ya tuna Fabrairun 2024 da layuka suka ɗauke. Rediyo batir yake so da wayar eriya, waya mai tsawon kusan mita 10 ta ishi zangon mita 20.

Ka cire batirin oba-obar ka adana. Ka shiga na'urar sauraro ta Jami'ar Twente da ke Holan ta intanet, kyauta ce, ka saurari yadda ake kira da amsawa a kusa da megahaz 14, wato zangon mita 20. Ka karanta sharuɗɗan CST da idonka, ka nemi ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta Saudiyya. Kawunka kuma ka roƙe shi ya koya maka Mos ɗin in ya iya.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon dabino a Madina. In na sami wannan lasisin, zan iya riƙa magana da direbana da shi?

AMSA: A'a, Alhaji. Lasisin 'yan sha'awa bai halatta ciniki ba, ba a kuma ɓoye magana a cikinsa, duk mai na'ura yana jin ku. Shi ma direban sai yana da nasa. Rediyon kasuwanci izininsa daban ne, a hukumar CST ɗin za ka nema.