Sarƙar Dogon da dillali ya yi maka tayi: kada ka zuba jarinka a ciki

Tambaya: Malam, ina sayar da duwatsun ado da kayan fata a kasuwar Kurmi ta Kano. Wani dillali mai zirga-zirga tsakanin Mopti da Yamai ya turo mini hotunan sarƙoƙi uku na ƙarfe da duwatsu. Ya ce na shugabannin addinin gargajiya na Dogon ne, sun daɗe ana tsafi da su. Yana neman sefa miliyan 2, ya ce Turawa za su saya ninki goma. Kusan rabin jarina ke nan. In shiga?

Amsa: Alhaji, kada ka shiga. Sarƙoƙin nan ko dai na ainihi ne ko kuma jabu ne, kuma ko wanne ne a ciki kai za ka kwana da asara.

Bari mu fara da abin da ake cewa za a sayar maka. Dogon suna zaune ne a tsaunukan Bandiagara na ƙasar Mali, wurin da UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1989. Babban jagoran addininsu na gargajiya shi ake kira Hogon, akwai kuma masu kula da Binu, wato wuraren bautar dangi. Abin wuyan da irin waɗannan mutane ke ratayawa, wanda ake kira dugo, ba kayan kwalliya ba ne. Shi ne shaidar muƙami, duwatsun da ke jikinsa kuma a wurinsu alamar alkawari ce tsakanin dangi da kakanninsu. Mai rataye da shi amana aka ba shi, ba shi da ikon sayarwa. To, irin wannan abu guda nawa ne a duniya? Tun zuwan tawagar Bafaranshe Marcel Griaule a 1931 ake kwasar kayan Dogon zuwa Turai, kuma masu kuɗin Paris da Brussels sun shafe shekaru suna tsince abin da ya rage. A ce yau guda uku sun faɗo hannun dillali ɗaya lokaci guda, har ya rasa mai saye sai ya nemo ka ta waya a farashin da ya faɗa, wannan kaɗai ya isa ya sa ka ja da baya. In da yana da tabbacin ninki goma, da kansa zai kai.

Mafi yawan abin da ke yawo a kasuwa sabon aiki ne da aka tsufar da shi. Maƙeri ya ƙera sarƙar, a jiƙa ta da ruwan gishiri ta yi tsatsa, a rataye ta a madafa hayaƙi ya dafa ta, a shafa mata kunun gero da man kaɗanya, wani lokaci a binne ta na ɗan wani lokaci. Abin da ke ruɗar mutane shi ne duwatsun kansu sukan kasance tsofaffi da gaske, domin ana tsintar irinsu a yankin Sahara, kai ma ka san su a sana'arka. Tsufan dutse bai nuna cewa wani Hogon ya taɓa rataya sarƙar ba. Itace ana iya kai shi ɗakin gwaji a ƙiyasta shekarunsa, haka ma gasasshen yumɓu, amma ƙarfe da dutse ba su da sauƙin gwaji irin wannan. Saye daga hoton waya kuwa cinikin biri a sama ne.

Yanzu mu ɗauka na ainihi ne. A nan matsalar ta fi girma. Mali tana da dokar kare kayan tarihi tun 1985, ba a fitar da irin waɗannan kaya sai da izinin hukuma, kuma ƙasar tana cikin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana safarar kayan tarihi, kamar yadda Najeriya da Nijar suke ciki. Amurka ta fara hana shigar da kayan tarihin da aka tono daga Mali tun 1993, har da na kogon duwatsun da Tellem, mutanen da suka riga Dogon zama a wurin, suke binne matattunsu a tsaunukan Bandiagara ɗin nan. Majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka ta Yamma da ke cikin haɗari a 2016, da sashe na musamman kan Mali, kuma jami'an kwastan da gidajen gwanjo suna duba shi. Tarayyar Turai ma tun watan Yunin 2025 take neman lasisi ko takardar shaida kafin a shigar da wasu rukunan tsofaffin kayan al'adu. A gida kuma, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba, ta kuma haɗa da abin da aka yi kafin 1918 da abin da aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Jami'in da ke filin jirgin Malam Aminu Kano ba zai tsaya bambance na Dogon da na Najeriya ba, takarda zai tambaye ka.

Akwai kuma abin da ya fi doka nauyi a wurina. Tun rikicin 2012 'yan yawon buɗe ido suka ƙaurace wa ƙasar Dogon, daga baya kashe-kashe suka biyo, irin na Ogossagou da Sobane Da a 2019, ƙauyuka da dama suka watse. Abin bauta da ya fito daga irin wannan wuri a wannan lokaci, ko dai sace shi aka yi bayan masu shi sun gudu, ko yunwa ta sa wani ya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Ba sai ka yarda da addininsu ba kafin ka gane cewa kayan mutane ne. Batun halaccin cinikin kayan tsafi kuwa, wannan na malamai ne, ka tambaye su.

Maganar ninki goma fa? Gaskiya ne ana sayar da kayan Afirka da tsada a Turai. A 2022 an yi gwanjon wani abin rufe fuska na ƙabilar Fang ta Gabon a birnin Montpellier kan yuro miliyan 4.2. Amma an san gidan da ya fito, an san wani jami'in mulkin mallaka ne ya kai shi Faransa tun farkon ƙarni na 20, kuma duk da haka sai da gwamnatin Gabon ta shiga kotu tana neman a mayar mata. Abin da masu tara kayan nan ke biya shi ne tarihin mallaka: wa ya fitar da shi, a wace shekara, hannun wa da wa ya bi, akwai tsohon hoto ko rasit? Babban gidan gwanjo yana son shaidar cewa abu ya bar ƙasarsa kafin 1970. Sarƙar da ta bar Bandiagara bara a cikin buhu ba ta da wannan, kuma ba za ta taɓa samu ba. Za ta zauna a shagonka, rabin jarinka a ɗaure, ba ka iya tallata ta a fili.

Duk da haka ban ce ka bar harkar ba. Hausawa sun daɗe a cikinta, su ne ƙashin bayan kasuwar kayan sassaƙa ta Abidjan, wasu har New York suke kai kaya. Hanyar da nake ganin tana da albarka ita ce sabon aiki da aka sayar a matsayin sabon aiki. Maƙeran Dogon suna ƙera sarƙoƙi da zobba da ƙananan mutum-mutumin tagulla masu kyau, kuma yanzu da baƙi suka daina zuwa suna buƙatar mai saye. Masu ƙawata otal da gidaje, da shagunan tsaraba a Abuja da Legas, da masu saye ta intanet, yawancinsu kyau suke nema da farashi mai sauƙi, ba tsufa ba. Ribar kowane guda kaɗan ce, amma kuɗin yana juyawa, kuma in kaya ya ƙare kana iya yin odar wani.

Ka koma wa dillalin ka ce kana so a farashin sabon aiki, kamar yadda za ka kimanta ƙarfe da duwatsu da ladan maƙeri. In ya yarda, ka san abin da yake riƙe da shi tun farko. In ya dage cewa na ainihi ne, ka nemi takardar izinin fitarwa daga hukumomin Mali, wadda za ka iya tabbatarwa a gidan tarihi na ƙasa da ke Bamako, kada kuma ka ba da kafin alƙalami kafin ka gan ta. Gwajin farko kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jarinka. Kowane kaya ka rubuta garin da aka yi shi da shekarar, ka ajiye rasit da hoton maƙerin yana aiki in ya amince. Kafin ka aika da komai waje, ka kai samfuri gidan tarihi na Gidan Makama nan Kano ka tambayi yadda ake samun takardar shaidar cewa ba kayan tarihi ba ne. Duk abin da aka haɗa da hauren giwa kuma, ko da ƙwaya ɗaya ce a jikin sarƙa, ka bar shi, domin wannan wata dokar ce daban kuma ta fi tsanani.