Kujera, layin shiga da katin maki: amsoshin masu shirin hawa jirgi

Wasiƙun wannan mako kusan duk na matafiya ne, masu niyyar Umara da ƴan kasuwa masu zuwa sari. Ga biyar daga ciki.

Wata Hajiya daga unguwar Birni ta rubuto: "Malam, ni da mahaifiyata za mu Umara. Ba ta taɓa hawa jirgi ba, ga ciwon gwiwa. Mai ajans ya ce in ban ƙara jika 20 ba, ba za a haɗa mu wuri ɗaya ba, watakila ma ta rasa wurin zama. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, Allah ya saka miki da wannan kulawa da tsohuwa. Jirgi ba motar kasuwar Mirya ba ce da za a ce wani ya hau kan buhu. Kujerar Inna tana cikin kuɗin tikitinta. Abin da kamfanoni ke caja dabam shi ne zaɓen wadda mutum yake so tun da wuri, kuma ba dole ba ne. Ki tabbatar sunanki da nata suna cikin rajista ɗaya, don na'urar kamfani ta san tare kuke. Yawancin kamfanoni suna buɗe tabbatar da tafiya ta intanet awa 24 zuwa 48 kafin tashi. Ki sa wani yaro mai waya ya shiga muku da zarar an buɗe, ko kwa samu kujeru kusa da juna. In hakan bai samu ba, ku isa filin jirgi awa uku kafin lokaci, ki gaya wa mai awon kaya cewa tsohuwa gare ki. Abin da ya fi jika 20 ɗin nan amfani kuwa kyauta ne: ki nema mata keken tura marasa ƙarfi, a rubuta a tikitinta aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Za a tura ta har bakin jirgi, kuma irinsu ake fara shigarwa. Ki roƙa mata kujerar bakin hanya, ba ta taga ba, saboda tashi zuwa ban ɗaki. Kada wani ya ruɗe ki da kujerun bakin ƙofar gaggawa don suna da wurin miƙe ƙafa. Ba a ba tsofaffi da yara su, sai mai ƙarfin buɗe ƙofa.

Wani saurayi daga Sabon Gari ya ce: "Ina son in riga kowa shiga jirgi. Nawa ake biya?"

Don ka je ina? Wanda ya shiga farko da wanda ya shiga ƙarshe tare za su tashi, tare za su sauka. Tsarin sananne ne: masu buƙatar taimako da masu goyo, sai na kujerun gaba masu tsada da masu babban katin da kamfani ke ba masu yawan tafiya, sannan sauranmu rukuni-rukuni, lambar rukuninka tana jikin katin shiga. In da bas ake kai ku gindin jirgi ma, wanda ya riga hawa bas shi ake dannewa a ciki, ya sauka daga baya. Riba ɗaya tak ke ga shiga da wuri, samun wurin jaka a ma'ajiyar sama. Rage kayan hannunka zuwa kilo 7 ko 8 ɗin da aka ce, ka huta. Kuɗin kuma ka sayi tiyar hatsi ka kai gida.

Wani Alhaji mai shago a Kasuwar Dole ya tambaya: "Ina zuwa sari sau uku ko huɗu a shekara, wani lokaci ta Kano, wani lokaci ta Yamai. An ce in yi katin maki. Yana da amfani, ko wayon kamfani ne?"

Duka biyun ne, Alhaji. Katin maki shi ne wanda kamfanin jirgi ke tara maka maki a kai in ka yi tafiya, daga baya ka sayi tikiti da su. Kamfanin American Airlines ya fito da nasa tun 1981, kuma ba don Allah ya yi ba, don ya riƙe abokin ciniki ne, kamar yadda kake yi wa mai sayen atamfa gyara don ya dawo. Amma yin rajista kyauta ne, mai tafiya irin taka kuwa asara yake in bai yi ba. Ethiopian suna da ShebaMiles, Turkish suna da Miles&Smiles, Royal Air Maroc suna da Safar Flyer. Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: Ethiopian da Turkish da EgyptAir duk suna cikin ƙawance ɗaya, Star Alliance, don haka kati ɗaya ya ishe ka tara makin ukun, maimakon ka warwatsa su. Sai dai ka kula. Tikiti mafi araha maki kaɗan yake bayarwa, wani ma ba ya ba da komai. Maki yana mutuwa; na Turkish bayan shekara 3 ne. Tikitin da ake cewa na kyauta, haraji yana wuyanka. Kada kuma ka bar jirgi mai sauƙi ka hau mai tsada don kwaɗayin maki. A ganina abin da ya fi yi wa ɗan kasuwa amfani a babban kati shi ne ƙarin kilo na kaya, ba ɗakin hutu da lemo ba. Ka lissafa wannan da abin da kake biya na kayan da suka wuce kilo 23, sai ka san ko biyayyar tana biyanka.

Ta huɗu ita ce ta hana ni sukuni. Wani malamin makaranta daga Magarya ya ce: "Wani a WhatsApp ya samo mini tikitin Jidda da ragin kusan rabi, har da kujerar gaba. Ya ce da makinsa zai saya. Ya turo takarda mai tambarin kamfani, yana jiran in aika kuɗi."

Malam, kada ka aika ko dala. Na gaji da maimaita wannan, amma zan sake. Mutanenmu za su yi kwana uku suna ciniki a kan rago, su buɗe bakinsa, su taɓa gadon bayansa, amma su tura kuɗin da suka yi shekara biyar suna tarawa ga mutumin da ba su san ƙofar gidansa ba, don kawai ya turo hoto mai tambari. Tambari yaro ma zai iya liƙa shi da waya.

Ga yadda damfarar take. Kama wuri dabam, yanke tikiti dabam. Mai ajans yana iya kama maka wuri ba tare da ya biya ko sisi ba, na'ura ta fitar da takarda mai sunanka da ranar tafiya da wata lamba mai haruffa shida. Takardar gaskiya ce, amma in ba a biya ba, bayan ƴan kwanaki wurin zai faɗi da kansa. Tikitin da aka yanka yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfani ne: 071 Ethiopian, 235 Turkish, 077 EgyptAir, 065 Saudia, 147 Royal Air Maroc. In babu wannan lamba, ba ka da tikiti. In akwai ta ma, ka shiga shafin kamfanin da kanka, ba ta mahaɗin da aka turo maka ba, ka sa haruffan shida da sunanka kamar yadda yake a fasfo, ka gani da idonka. Ka sake dubawa ana jibi tafiya.

Batun maki kuwa ya fi muni. Kamfanoni sun hana sayar da maki a bayan fage, kuma sau da yawa na sata ne daga asusun wani. Ranar da mai shi ya farga, a soke tikitin, kai kana Jidda ko kana layi da akwati. Na taɓa raka wani ɗan uwa, muka kwana a hanya, kilomita wajen 900 daga Damagaram zuwa Yamai, aka duba na'ura aka ce babu sunansa. Wanda ya karɓi kuɗin ya kashe waya. Dattijo ya zauna a kan akwatinsa, an riga an yi masa rakiya da addu'a a gida, ya rasa da wane ido zai koma. Kuma abin da ya ja shi ragin da bai kai kuɗin motar da muka kashe ba ne. Ka sayi tikiti a ofis mai ƙofa da allo, wanda za ka iya komawa ka buga tebur, ka karɓi rasit. In Hajji ne ko Umara, ka tambayi ko hukumar COHO, mai kula da Hajji da Umara a Nijar, ta san da ajans ɗin. Araha ba ta ado.

Ta ƙarshe daga wata ɗaliba: "Na biya kujerar taga, na tarar da wani dattijo a kai, ya ce ai duk ɗaya ne. Na ji kunya na bar masa. Na yi wauta?"

A'a ƴata, tarbiyya kika nuna. Amma hakkinki ne, kuma ba sai kin yi gardama da babba ba. Ki nuna wa ma'aikaciyar jirgi katinki a hankali, ita za ta tashe shi, aikinta ke nan. Zama inda aka ga dama ya kusa ƙarewa a duniya. Ko Southwest na Amurka, da ya yi sama da shekara 50 ba ya ba da lambar kujera, ya sanar a 2024 cewa zai daina. In kuma kamfani ne da kansa ya canza miki kujerar da kika biya, ki adana katin da rasit, ki nemi a mayar miki da kuɗinki.