Kwikwiyon da ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta, zai kamo su kuwa?

Tambaya: Karyata ta haifi 'ya'ya shida kwana 4 da suka wuce. Ɗaya ƙarami ne sosai, sauran kuma suna ture shi daga nono. Zai girma kamar su? Da gaske ne irinsa kan tashi da tsoro ko yawan faɗa?

Amsa: Malam, ƙanƙanta ita kaɗai ba ciwo ba ce. Yawanci tun a ciki ne mabiyiyarsa ba ta kai masa abinci kamar na sauran ba. Abin dubawa shi ne ko yana ƙaruwa, ido kuwa ba ya gane wannan, sai sikeli. Ka auna shi kullum a lokaci ɗaya da ƙaramin sikeli mai nuna giram, ka rubuta. Lafiyayyen kwikwiyo yana ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa a rana, ya ninka nauyin haihuwarsa cikin kwana 10 ko kusa da haka. In ya yi kwana biyu bai ƙaru ba, ko ya ragu, sai likitan dabbobi.

Sanyi ne babban makashinsu. A makonnin farko kwikwiyo ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, ƙarami kuma ya fi saurin hucewa. Makwancinsu ya kasance digiri 29 zuwa 32 a makon farko. Idan ka taɓa shi ka ji sanyi, kada ka ba shi komai, don cikinsa ba zai narkar ba. Fara ɗumama shi a hankali a jikinka, sai ya soma motsi sannan ya sha.

Duk bayan awa 2 zuwa 3 ka janye manyan, ka ɗora shi a nonon da ke kusa da cinyoyin uwar, domin su suka fi kawo ruwa. In bai ƙoshi ba, ka ƙara masa da madarar da aka haɗa musamman don kwikwiyo. Madarar shanu ba ta da mai da furotin da yake buƙata, ga sa gudawa. Ka ba shi yana kwance rub da ciki, a rigingine zai ƙware, madara ta gangara huhu. Ka leƙa ganɗarsa ma. Idan a tsage take, ko madara tana fitowa ta hanci, aikin likita ne. Haka nan kukan da ba ya tsayawa, ko dasashi ya yi fari.

Maganin tsutsar ciki daga mako 2, a maimaita duk bayan mako 2, gwargwadon nauyinsa. Abinci mai ruwa-ruwa daga mako 3 zuwa 4, a kwanonsa shi kaɗai. A nan ne da yawansu ke fara cike giɓin, wasu su kamo sauran sarai. Wanda ya tsumbure duk da yana ci, a duba masa zuciya da hanta.

Batun hali kuwa, girman jiki ba ya sa kare tsoro ko faɗa. Gado da abin da ya saba da shi tsakanin mako 3 da 12 su ke gina halinsa. Inda masu kiwo ke kuskure shi ne tausayi ya sa su raba shi da 'yan'uwansa. A wasa da su yake koyon sassauta cizo, don haka ka bar shi tare da su har mako 8.