Idan muka shiga yajin aiki, wa zai ciyar da mu?

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, 'ya'yana uku. Ƙungiyarmu na shirin kiran yajin aiki. Wasu sun ce albashinmu zai ci gaba da shigowa tunda haƙƙinmu ne, wasu kuma sun ce har aikin ma za mu iya rasawa. Wanne ne gaskiya?

AMSA: Malama, masu ce miki albashi ba zai tsaya ba, fata suke yi. 'Yancin ajiye aiki daban, albashin kwanakin da aka ajiye shi daban. Kwamitin 'yancin ƙungiyoyi na Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ILO, wanda ke kare haƙƙin yajin aiki bisa Yarjejeniya ta 87 ta 1948, shi kansa bai ga laifi ba idan wanda ya ɗauki ma'aikata aiki ya zaftare kuɗin kwanakin yaji. Wani lokaci akan biya bayan sulhu, amma wannan a teburin ciniki ake samo shi.

Saboda haka tambayar da nake so ki yi wa shugabanninku a taro, kafin ki ɗaga hannu, ita ce: nawa ne a asusun yajin aiki, kuma mako nawa zai riƙe mu? A Jamus, 'yan ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa ta IG Metall suna ba da kashi 1 cikin 100 na albashinsu kowane wata, daga nan ake ba su kuɗin yaji idan an tsayar da injina. A Amurka, lokacin da ma'aikatan ƙera motoci na ƙungiyar UAW suka yi yajin makonni shida a 2023, dala 500 kowa ke karɓa a mako. Bai kai albashi ba, amma ya hana tukunya sanyi.

Ki dubi kuma masu haƙar kwal na Birtaniya a 1984. Shekara guda suka yi a waje ba kuɗin yaji, kotu ta kuma ƙwace dukiyar ƙungiyarsu. Matansu ne suka riƙa bin tituna da bokitin neman taimako, suna dafa abinci a manyan tukwane don ciyar da iyalai. A Maris 1985 suka koma bakin aiki ba tare da wata yarjejeniya ba. Ba jarumta ce ta gaza ba, yunwa da bashi ne suka ci ƙarfinsu.

Batun kora kuwa, a nan sai ki yi hattara, don aikinku na asibiti ne. ILO ta yarda a taƙaita yajin aiki, ko ma a hana shi, a ayyukan da tsayawarsu ke jefa rai ko lafiyar jama'a cikin haɗari, muddin an tanadi hanyar sasanci mai adalci a madadinsa. Gwamnatoci dai suna son faɗaɗa jerin irin waɗannan ayyuka har ya haɗiye kowa, kuma ni ban yarda da wannan wayon ba. Amma asibiti yana ciki ba gardama. Ga misalin korar da kan biyo bayan yajin da doka ta hana: a Agustan 1981 Shugaban Amurka Reagan ya ba masu kula da zirga-zirgar jiragen sama da suka shiga yaji sa'o'i 48 su koma aiki, da suka ƙi ya kori fiye da 11,000, domin dokar ƙasarsu ta hana ma'aikatan tarayya yajin aiki.

Ki nemi a nuna muku a rubuce cewa an ba da sanarwar da doka ta buƙata, an kaɗa ƙuri'a, an kuma tsara waɗanda za su tsaya a sashen gaggawa da ɗakin haihuwa.