Ko tafiya sararin samaniya ta fi aminci yanzu?

Malam, ka tambaya ko 'yan sama jannati sun fi samun kariya a yau. Sun fi, amma haɗarin bai kau ba. A 1986 kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashinsa, mutum bakwai suka rasu. Sanyi ne ya sandarar da robar mahaɗin rokar, alhali injiniyoyi sun yi gargaɗi ba a saurare su ba. Wannan ya fi ƙona mini rai.

A 2024 kuwa, da kumbon Starliner na kamfanin Boeing ya samu matsala, hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta dawo da shi ba kowa ciki, mutum biyun da suka tafi a cikinsa suka dawo a kumbon kamfanin SpaceX a Maris 2025. Tafiya duniyar Mars ce ke tsorata ni, domin can babu kumbon ceto.