An ce in bar ɗalibai su koya da kansu, sai aji ya rikice

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da lissafi a aji ɗaya na sakandare. A wani taron bita an ce mana zamanin tsayawa gaban allo ya wuce, mu raba yara rukuni-rukuni su gano darasi da kansu, wai ta haka za su dogara da kansu. Na gwada, amma yanzu biyu ko uku ne ke yin aikin, sauran sai kwafa da surutu, makin gwaji kuma ya faɗi. Ni ce ban iya ba, ko yaran ne ba su kai ba? Abin ya dame ni.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, ba ke ba ce, ba kuma yaran ba ne. Shawarar da aka ba ki ce gurguwa.

Wannan magana ta cewa dogaro da kai shi ne malami ya janye hannu ta zama ruwan dare, kuma ɓarnarta ba kaɗan ba ce. Dogaro da kai a ƙarshen koyarwa yake zuwa, ba da shi ake farawa ba. Ƙwaƙwalwa ba ta iya juya sabon abu fiye da kamar huɗu a lokaci guda. Yaron da aka ajiye wa 2x + 3 = 11 alhali bai taɓa ganin yadda ake warware irinsa ba, duk ƙarfinsa a kirdado zai ƙare, ko ya dace da amsa ba zai san ta ina ya bi ba. A 2004 masanin ilimin koyo Richard Mayer ya bibiyi binciken shekaru masu yawa, ya nuna cewa ganowa tare da jagorar malami ta fi sakin yaro kara zube. Wasu masanan, Kirschner da Sweller da Clark, suka sake tabbatar da haka a 2006. Amma har gobe sai a tara malamai a ce musu bayani a allo tsohon yayi ne. Mai duba makarantu ya leƙo, ya ga kujeru a zagaye, yara na hayaniya, ya cike takardarsa ya wuce, bai buɗe littafin yaro ko ɗaya ba. Wa ke kwana a ciki? Ba haziƙin da ya riga ya san darasin ba. Mai rauni ne, wanda ba shi da mai yi masa bayani a gida. A saki yaro ba ilimi a hannu a kira abin 'yanci, ai kamar miƙa makullin mota ne ga wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Hanyar da ke aiki ita ce sakin ragama kaɗan-kaɗan, tsarin da masana ilimi Pearson da Gallagher suka bayyana a 1983. Ki warware misali biyu a allo, kina faɗin tunaninki a fili: me ya sa na fara cire 3 daga kowane ɓangare kafin in raba da 2? Sai ki ba su misalin da kika warware amma kika bar matakin ƙarshe, sannan wanda kika bar mataki biyu, sannan su yi bibbiyu, daga nan kowa shi kaɗai. Kada ki sake su sai suna cin kamar takwas cikin goma, ma'aunin da masanin koyarwa Rosenshine ya ba da shawara. Idan kuwa sun kai can, ki janye da gaske. Ci gaba da taunawa yaro abin da ya riga ya iya shi ma cuta ne.

Idan kin yi tambaya, ki jira. Mai binciken ilimi Mary Budd Rowe ta gano cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kawai, alhali idan aka kai uku amsoshi na ƙara tsawo, masu amsawa na ƙaruwa. Ki kafa doka: kafin a ɗaga hannu, a duba misalin allo, a duba littafi, a tambayi na kusa. Wanda ya ce “Malama, daidai ne?” kada ki amsa masa, ki ce ya mayar da amsar da ya samu, misali 4, a gurbin x ya gani da idonsa.

Zaɓi kuma ki ba su mai iyaka, biyu ko uku: da wace tambaya za su fara, da zane ko da rubutu za su nuna aiki. Batun ko za a koya ko ba za a koya ba, wannan ba ya cikin zaɓi.

Rukuni kada ya wuce mutum huɗu. Kowa ya fara gwadawa shi kaɗai na minti uku kafin su haɗa kai, kuma ke za ki zaɓi mai yi wa aji bayani bayan sun gama, kada su san ko wane ne tun farko.